Hasumiya da Harshe a Birnin Madurai

Bahaushen da ya san ƙasar Indiya ta hanyar silima, Indiyar Bambai ya sani, wadda ake waƙa da Hindi a cikinta, ana rawa a gindin duwatsu masu ƙanƙara. Idan aka ce masa akwai wata Indiyar can kudu, inda mutum zai yini yana yawo a kasuwa bai ji ana ciniki da Hindi ba, sai ya yi mamaki. To, akwai ta. Jihar Tamil Nadu ke nan, ƙasar masu magana da harshen Tamil, waɗanda ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 69 a Indiya kaɗai. Harshen nan nasu bai haɗa dangi da Hindi ba ko kusa. Yana cikin gidan da masana ilmin harsuna ke kira Dirabidiya, tare da Telugu da Kannada da Malayalam. A kudancin jihar, a bakin kogin Baigai, akwai wani tsohon birni mai suna Madurai, mai mutum fiye da miliyan ɗaya, wanda ya kamata ɗalibin harshe da adabi ya san da zamansa, ko da kuwa ba zai taɓa taka shi ba.

Duk takardar tallar da aka buga don jawo baƙi zuwa Madurai, abu ɗaya ne a bangonta, watau haikalin Minakshi, babban wurin bautar mabiya addinin Hindu da ke tsakiyar birnin. Kuma gaskiya ce, ginin abin kallo ne. Fili ne mai faɗin eka 14 ko kusa da haka, an kewaye shi da katanga, yana da hasumiya 14, mafi tsawonsu ita ce ta kudu wadda ta tasam ma mita 52. Tun daga gindi har ƙololuwa an lulluɓe hasumiyoyin da dubban siffofi na mutane da dabbobi da ababen bautarsu, an shafe su da launi iri iri, har ido ya rasa inda zai tsaya. A ciki akwai wani zaure da ake kira mai ginshiƙi dubu, ko da yake in an ƙirga 985 ne, wanda aka gina a 1569. Titunan tsohon gari kuwa sun kewaye haikalin zobe bayan zobe, kowane zobe da sunan wani wata daga watannin Tamil: Adi, Citirai, Abani, Masi. Baƙo yakan zo, ya ɗaga kai, ya riƙe baki, ya sha wani abin sha mai sanyi na madara da ake kira jigartanda, ya sayi furen yasmin da garin ya shahara da shi, kashegari ya hau mota ya nufi Rameswaram ko Kanyakumari, yana ganin ya gama da Madurai.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, baƙon nan ya ga ƙanen ne ya bar wan. Yawancin ginin da yake kallo na ƙarni na 16 da na 17 ne, watau shekarunsa ɗari huɗu ne da 'yan kai. Harshen da mai sayar da furen ta yi masa ciniki da shi kuwa, an fi shekara dubu biyu ana rubuta shi a wannan yanki. In ana neman abin da ya riƙe Madurai har ta kawo yau tana nan a matsayin Madurai, to a nemi amsar a bakin mutanenta da littattafansu kafin a neme ta a jikin dutse.

Tarihin birnin da kansa shi ne shaida ta farko, domin babu wani gini a cikinsa da bai ga ta kansa ba. Madurai ita ce hedkwatar sarakunan Pandiya, waɗanda labarinsu da na lu'ulu'un tekunsu ya kai har Rum. Batlimus, masanin taswirar nan na Iskandariya, ya ambaci sunan birnin a ƙarni na 2. A 1311 Malik Kafur, sarkin yaƙin Alauddin Kalji na Delhi, ya kawo hari ya kwashe dukiya. A 1335 gwamnan da Delhi ta naɗa, Jalaluddin Ahsan, ya ɓalle ya kafa daularsa a Madurai, wadda ta yi shekara arba'in da 'yan kai. A nan akwai wani ɗan zare da ya haɗa birnin da ƙasar Hausa. Ibn Batuta ya auri 'yar wannan Jalaluddin tun yana Delhi, ya kuma sauka a Madurai a tsakiyar shekarun 1340, ya tarar annoba tana cin mutane, ya rubuta ƙyamarsa ga zaluncin sarkin da ya iske a kan gado. Shi ne dai matafiyin da ya isa Takedda a 1353, ya ba da labarin jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Littafi ɗaya ke nan ya ɗauki sunan Madurai da na Gobir.

Bayan daular nan sai rundunar Bijayanagara ta karɓe ƙasar, daga baya hakimansu da ake kira Nayak suka zama sarakunan kansu, suka yi mulki daga ƙarni na 16 har 1736. Su ne suka sake tayar da haikalin ya kai girman da ake gani yau. Mafi shaharar cikinsu, Tirumalai Nayak, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1659, ya gina wa kansa fada a 1636. Abin da ya rage daga cikinta yau bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma ba abokin gaba ne ya rushe ta ba: jikansa ne ya kwashe kayan ginin ya kai Tiruccirappalli don ya yi tasa fadar. Ganuwar birnin kuma Turawan Ingila, waɗanda suka karɓi mulkin yankin a 1801, suka rushe ta wajajen 1840, suka cike gwalalon, aka shimfiɗa tituna a wurin. Sarauta ta sauya hannu sau nawa, harshen fada ma ya sauya, don su Nayak Telugu ne harshen gidansu, amma Tamil bai bar kasuwa ba, bai bar makaranta ba.

Mai neman tsufan gaske sai ya fita bayan gari. A duwatsun Mangulam, arewa maso gabas da birnin, akwai kogwanni inda masu zuhudu na addinin Jain suka zauna, an sassaƙa musu gadaje a jikin dutse, an rubuta sunayen waɗanda suka ba da kyautar. Rubutun da Tamil ne, masana suna kai shi ƙarni na 2 ko na 3 kafin Miladiyya, kuma a cikinsa akwai sunan sarki Neduncaliyan na Pandiya. Ba launi a wurin, ba mai sayar da tsaraba, saboda haka motocin baƙi ba su cika zuwa ba.

Daga wannan zamani ne aka gaji waƙoƙin da ake kira na Sangam, watau majalisar mawaƙa, wadda al'ada ta ce a Madurai take zama a ƙarƙashin sarakunan Pandiya. Abin da ya tsira waƙa 2,381 ne na mawaƙa 473, cikinsu har da mata, an tara su cikin kundaye takwas na gajerun waƙoƙi da wani kundi na dogaye goma. Tare da su akwai Tolkappiyam, littafin da ya haɗa nazarin sauti da ginin kalma da dokokin waƙa. Nan ne ya kamata ɗalibin adabi ya ɗan zauna, domin mutanen nan sun yi wani abu da ba kasafai ake samun irinsa ba. Sun raba waƙa gida biyu: ta ciki, wadda suke kira akam, ita ce ta soyayya, da ta waje, puram, ta yaƙi da sarauta da kyauta da makoki. A waƙar ciki an hana ambaton sunan kowa. Saurayi ne kawai da budurwa da ƙawarta da uwar goyo. Sa'an nan suka raba ƙasarsu kashi biyar, suka ɗaura wa kowane kashi wani hali na zuciya. Tsauni shi ne haɗuwar masoya a ɓoye. Daji shi ne haƙurin matar da ke jiran mijinta ya komo. Fadamar noma ita ce rikicin miji da mata da zargin cin amana. Bakin teku shi ne bege da zullumi. Busasshen jeji kuwa shi ne rabuwa da wahalar tafiya. Kowane kashi yana da furensa da tsuntsunsa da lokacinsa na yini da na shekara, ta yadda da mawaƙi ya ambaci wani fure ko wani tsuntsu a baitin farko, mai sauraro ya riga ya san halin da mai maganar ke ciki, ba sai an faɗa masa ba. Wanda ya taɓa wahalar fitar da ƙa'idojin nazarin waƙar baka daga cikin waƙar da kanta, ba tare da aro daga Larabci ko Turanci ba, shi zai san nauyin aikin da aka yi a nan, tun wancan zamani.

Birnin ma ya shiga waƙa. Akwai doguwar waƙa mai suna Maduraikkanci, mai layi 782, wadda ta bi Madurai tun daga kasuwar rana zuwa kasuwar dare har wayewar gari. Har yau kuwa kirarin birnin shi ne garin da ba ya barci. Akwai kuma Silappadikaram, labarin Kannagi da mijinta Kobalan, waɗanda suka zo Madurai bayan dukiyarsu ta ƙare, don su sayar da munduwar ƙafarta su sami jari. Maƙerin fada, wanda shi ne ya saci munduwar sarauniya, ya ɗora wa baƙon laifin, sarki ya sa aka kashe shi ba tare da bincike ba. Kannagi ta shiga fada da ɗaya munduwar, ta fasa ta a gaban sarki, sai jan yaƙutu ya warwatsu, alhali kuwa ta sarauniya lu'ulu'u ne a cikinta. Sarki ya gane ya zubar da jinin marar laifi, ya faɗi ya mutu, fushin matar kuma ya ƙone birnin. Abin lura a nan shi ne, labarin da Madurai ta fi alfahari da shi labari ne na ranar da sarkinta ya yi kuskuren shari'a, wata talaka baƙuwa ta kunyata shi. Hasumiya ba ta iya ba da irin wannan labari.

Kada a ɗauka harshe yakan tsira don kansa, kamar ciyawa bayan ruwan fari. Ya zuwa ƙarni na 19 yawancin waƙoƙin Sangam sun kusa ɓata. A kan ganyen giginya ake rubutu, gara tana ci, damshi yana ci, in ba a sake kwafa ba shi ke nan. Malamai kuwa sun karkata ga littattafan addini na baya baya. A 1880 wani matashin malamin Tamil a Kumbakonam, U. V. Suwaminata Ayyar, ya ziyarci wani alƙali mai son adabi, alƙalin ya tambaye shi abin da ya karanta, ya jero littattafai masu yawa, sai aka nuna masa cewa tsofaffin na ainihi bai san su ba. Daga nan ya shiga bin gidaje da wuraren ibada, ƙauye ƙauye, yana roƙon a buɗe masa tsofaffin ƙunshin ganye, wani wurin ya tarar an ƙone su, wani wurin an zuba a kogi. Ya buga kundin dogayen waƙoƙi goma a 1889, Silappadikaram a 1892, Purananuru a 1894, ya ci gaba da aikin har rasuwarsa a 1942. A 1901 aka kafa sabuwar majalisar Tamil a Madurai, Panditurai Tebar ya tsaya mata da dukiyarsa. Da mutanen nan sun yi jinkirin shekara hamsin, da yau baƙo zai tarar da hasumiya 14 cur, da ɗan abin da ya rage na adabin da ya girme su.

Haka kuma a Madurai ne, ranar 25 ga Janairu 1965, jerin gwanon ɗalibai masu ƙin a mai da Hindi shi kaɗai harshen gwamnatin tarayya ya rikiɗe ya zama tarzoma, wutar ta bazu a jihar duka, aka yi asarar rayuka. Sakamakon haka aka gyara dokar harsunan hukuma a 1967, Turanci ya ci gaba da aiki tare da Hindi, a 1969 kuma jihar ta bar sunan Madras ta ɗauki Tamil Nadu. A 1981 birnin ya karɓi taron duniya na biyar kan nazarin Tamil, a 2004 gwamnatin Indiya ta ba Tamil matsayin harshe mai tsohon adabi, shi ne na farko da ya sami wannan matsayi.

Mai ja da wannan ra'ayi yana da abin faɗi, kuma bai kamata a toshe masa baki ba. Zai ce, waƙa ba ta cika tumbi. Haikali shi ke kawo baƙi, baƙi su ke ciyar da mai masauki da mai fure da direba. Gaskiya ne. A bikin Citirai kaɗai, wanda ake yi tsakanin Afrilu da Mayu, dubun dubatan mutane ke cika birnin da gaɓar Baigai. Amma ko a nan in an duba, haikalin da harshen a cuɗe suke. Waƙoƙin Tebaram da ake rerawa a ciki na Tamil ne, tun ƙarni na 7 zuwa na 9. Tafkin da ke tsakiyar haikalin, wanda ake kira na furen zinariya, al'ada ta ce a nan majalisar mawaƙa ke gwada littafi: mai kyau ya tsaya a kan allon da ke yawo bisa ruwa, marar kyau ya nutse. Mutanen da suka ajiye kwamitin tace littattafai a tsakar gidan bautarsu, ko da a tatsuniya ne, sun nuna abin da suke girmamawa.

Zai kuma ce, son harshe yakan kai ga ƙarin gishiri. Wannan ma gaskiya ne, kuma ɗalibi ya kiyaye. Wani sharhi da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan waƙoƙin ya ce majalisu uku aka yi, jimlar shekarunsu 9,990, biyun farko teku ya cinye garuruwansu. Ba masanin tarihin da zai sa hannu a kan wannan lissafi. Haƙar da aka fara a Kiladi a 2015, kimanin kilomita 12 daga birnin, ta fito da gine-ginen jan bulo da rijiyoyi da guntayen tukwane masu rubutun sunaye, rahoton jihar na 2019 kuma ya kai mafi tsufan abin da aka samu ƙarni na 6 kafin Miladiyya. Amma an yi ta gardama a kan shekarun, siyasa kuma ta tsoma baki, kowane ɓangare yana jan tukunya wajensa. Maganin ƙarin gishiri shi ne ƙarin bincike, kuma abin da aka tabbatar ma ya isa, bai bukaci ado ba.

Akwai wata hujja da ta fi waɗannan nauyi, ita ce ta tambayar gadon wane ne. Ƙofar haikali ba a buɗe take ga kowa ba. Har zuwa 1939 'yan asalin garin da tsarin jinsi ya ajiye a ƙasa, waɗanda ake ƙyamar taɓawa, ba su da ikon shiga. Sai ranar 8 ga Yuli na wannan shekara lauya Baidiyanata Ayyar ya jagoranci 'yan kaɗan daga cikinsu suka shiga, cikinsu har da Kakkan wanda daga baya ya zama minista. Gandi, wanda a Madurai ne ya tuɓe tufafinsa ya koma ɗaura ɗan gyauto a 1921 don ya yi kama da talakawan da ya gani, bai shiga haikalin ba sai 1946, bayan an buɗe shi. Wanda ba Hindu ba kuwa akwai iyakar da ba ya wucewa a ciki. Harshe ba shi da mai gadi irin wannan. Masu zuhudun Jain sun rubuta da shi. Musulmin Madurai, waɗanda babban masallacinsu na titin Kazimar ake danganta kafuwarsa da ƙarni na 13, da shi suke wa'azi. Umaru Pulabar na Ettayapuram, kudu da birnin, da shi ya tsara Sirappuranam, tarihin Annabi (SAW) cikin baiti fiye da dubu biyar, wajajen 1700. Musulmin Tamil har ajaminsu gare su, suna kiransa Arwi. Beski, limamin Kirista ɗan Italiya, da shi ya rubuta Tembabani. Masaƙan Saurashtra, waɗanda kakanninsu suka yiwo ƙaura daga yammacin Indiya, suna da harshensu a gida, amma in sun fito da zannuwansu na ɗauri da rini, da Tamil suke ciniki. Haikali na wasu ne daga cikin mutanen Madurai. Tamil nasu ne duka.

Wannan ba kira ba ne a yi sakaci da gini. Daren 2 ga Fabrairu 2018 wuta ta tashi daga shagunan da ke cikin haikalin ta gefen gabas, ta cinye shaguna da dama, wani zaure na zamanin Nayak ya lalace, rufinsa na dutse ya rufto. Bayan haka aka tsananta tsaro, kotu ta hana shiga da wayar hannu, aka shiga tashin 'yan kasuwa daga cikin tsofaffin zauruka. Har teloli da masu sayar da tagulla da littattafai da suka gaji zama a Pudu Mandapam, zauren Tirumalai Nayak da ke fuskantar ƙofar gabas, an mai da su wani sabon gini. Babu mai hankalin da zai ce a bar wayoyin lantarki da kayan roba a jikin ginshiƙi mai shekara ɗari huɗu. Amma dai a lura da bambancin: ginshiƙin da ya fashe, kowa ya ga hotonsa, an yi kuka, an ware kuɗi, an nemo dutse da masassaƙa. Shagon littafin da ya bar inda masu karatu suka saba samunsa, ko yaron da aka kai makarantar Turanci ya tashi yana jin Tamil amma bai iya karanta waƙar kakanninsa ba, wannan asara ce da ba ta hayaƙi, ba kuma ta da ranar da za a ce ta faru.

Saboda haka wanda Allah ya kai shi Madurai yana da kwana biyu, ya ba hasumiya safiya ɗaya, ta ishe ta. In watan Janairu ne yana iya leƙa Alanganallur ya ga samari suna kokawar rungumar tozon bijimi, abin da zai tuna masa hawan ƙaho na mahauta. Sauran lokacin ya nemi wanda zai karanta masa. A bangon barandar da ta kewaye tafkin furen zinariya an rubuta baitocin Tirukkural, littafin hikima mai baiti 1,330, kowane baiti layi biyu, wanda al'ada ta ce shi ma a wannan tafki aka gwada shi ya tsaya bisa allo. Baƙi sukan wuce ta gaban bangon suna neman inda za su hango hasumiyar kudu da kyau. In kuma ya hau motar gwamnati zuwa Kiladi, inda aka buɗe gidan ajiye kayan tarihi a 2023, ya duba can gaba wajen direba: akwai baiti ɗaya na wannan littafi a rubuce, kuma da wuya a rasa ɗan makaranta a cikin motar da zai karanta masa shi, ya gaya masa babin da aka ciro shi.